Mai Riƙe Wutsiyar Igiya

"Ba wannan ƙafar ba ce, Mista Orest."

Orest Bilyk yana durƙushe, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya dubi takalmin da ke hannunsa, ya dubi ƙafar da aka miƙo masa. Gaskiyar yarinyar ce. Na hagu yake ta turawa a ƙafar dama, ita kuwa Jasleen, 'yar shekara huɗu, ta zuba masa ido sai da ya gama shan wahala sannan ta faɗa.

"To tun ɗazu me ya hana ki magana?"

"Kaka Irma ta ce a bar mutum ya gwada da kansa tukuna."

Yara goma sha huɗu ne a gidan renon da ke ƙasan coci, can ƙarshen Layin Birch. A watan Nuwamba kuwa a Manitoba ta ƙasar Kanada ba a fitar da yaro sai an naɗe shi tsaf: wandon sanyi, rigar sanyi, hula, safar hannu, takalmi. Minti ashirin da biyar ake yi ana shirya su don wasan minti goma sha biyar a cikin shinge, kuma da ka ja zif ɗin na ƙarshe, na farko zai ce fitsari yake ji. Orest ya yi shekara ashirin da shida yana gyaran injuna a rumbun alkama bai taɓa cewa aiki ya fi ƙarfinsa ba. A nan kam ya san ya gamu da gamonsa.

Ba son yara ne ya kawo shi ba, kada ma wani ya yi masa wannan shaidar. Duk layin an san shi: in ƙwallo ta faɗa farfajiyarsa, sai yara sun yi ƙuri'ar wanda zai je ɗauko ta. Maƙwabciyarsa ce ta jawo masa, Irma Penner, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, wadda komai nata ya tsufa ban da baki.

Shekara goma sha ɗaya Irma tana aikin sa kai a gidan renon. Duk ranar Alhamis ana fitar da yaran zuwa ɗakin karatu na gari, da wata doguwar igiya ja mai madaukai, kowane yaro ya riƙe ɗaya. Malama Maricel, shugabar wurin, tana gaba, Irma tana riƙe da wutsiya, su bi Layin Birch su wuce ta ƙofar gidanta. A watan Oktoba likitoci suka gano daji a cikinta, suka ce ya wuce aiki. Ta ƙi zaman asibiti, aka kafa mata gado a falo daf da taga. Tun daga ranar igiyar take rataye a ƙusa, don dokar wurin ta ce ba a ƙetare shinge da yara sai da manya biyu, kowanne da takardar 'yan sanda mai nuna an binciki tarihinsa. Ɗaya ma'aikaciyar ba ta iya barin jarirai. Iyayen suna kamfanin nama har yamma. Tsofaffin coci kuma kowacce ta ce gwiwarta da ƙanƙara ba sa shiri.

"Ba wani abu nake nema ba," in ji Irma ranar da ta tura shi. "Su wuce ta gaban tagar nan sau ɗaya in gan su. Kai ga ka zaune kana ƙirga tsuntsaye, je ka karɓi wutsiyar."

Ya je. Malama Maricel ta ba shi fom ya kai ofishin 'yan sanda, ta ce kafin takardar ta fito zai iya taimakawa a cikin ɗaki, a gaban idonta. Yau mako uku ke nan.

"Mista Bilyk, takardar fa?" ta tambaye shi tana ɗaure wa wani hula.

"Suna kan aiki," in ji shi, bai ɗago kai ba.

Fom ɗin yana aljihun rigarsa, a ninke huɗu. Ya cike ko'ina sai layi ɗaya.

Ran Asabar ya dafa miyar borsh ya kai gidan Irma. 'Yarta Connie, wadda ta baro aikinta a Winnipeg ta zo jinya, ta karɓi tukunyar ta shige kicin.

"Ka zo da jar miyar nan taka," in ji Irma. "Connie za ta sha, ita ba ta da zaɓi."

"Shekara talatin kina shanyewa kina zagi."

"Zauna. Alhamis nawa ke nan igiyata tana jikin ƙusa?"

"Biyar."

"Takardar fa?"

"Kin san aikin gwamnati."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa, amma idon yana nan yadda yake.

"Orest, tawa kwana huɗu ta yi ta fito. Taka tana aljihunka na hagu. Tun da ka shigo kake dafa wurin kamar mai ciwon zuciya."

Ya sauke hannunsa daga aljihun. Ya so ya miƙe ya ce zai je duba murhu, ya fasa. Sai ya ciro takardar ya ajiye a kan bargonta, ya nuna layin da yatsa. Tambaya ce: ko kotu ta taɓa kama ka da laifi?

Ya faɗa mata yana kallon ƙasa. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, a wani gari can yamma, ya taso daga biki a buge, ya ce lafiya lau zai iya tuƙi. 'Yarsa Lesia tana kujerar baya, shekararta shida. Motar ta faɗa kwalbati. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, ita ta karye a kafaɗa da cinya, har yau tana ɗan ɗingishi. Kotu ta ƙwace lasin, matarsa ta ɗauki yarinyar ta tafi, shi kuma ya dawo nan inda ba wanda ya san shi. Tun daga ranar bai sake kai giya bakinsa ba, bai kuma sake yarda wani yaro ya matso kusa da shi ba. Lesia tana Calgary yanzu, duk Kirsimeti tana aiko da kati mai ɗauke da sunanta kawai.

"Wa zai ba irina 'ya'yansa, Irma?"

"Shekarar da ka tare a layin nan," ta ce, "motarka ta yi hunturu biyu a ƙarƙashin tampol, kana zuwa aiki a ƙafa cikin sanyin da kare ma ba ya fita. Marigayi mijina ya ce rowar mai ce. Na ce masa a'a, wannan lasin aka karɓe."

"Ashe kin sani."

"Rabi na sani. Ban san da yarinya a baya ba." Ta juya kai wajen taga. "Wannan kam babba ne, ba zan ce maka ƙarami ba ne. Amma ni ba alƙali ba ce, kuma ba ni da lokacin zama ɗaya. Mako uku ka cinye min, Orest. Ba su da yawa a hannuna."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Litinin da safe yana ofishin 'yan sanda kafin a buɗe ƙofa. Matashiyar da ke kan kanta ta karanta abin da ya ɓoye shekara talatin da ɗaya, ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce tun da akwai hukunci, sai an ɗauki hoton yatsunsa an aika Ottawa, mako huɗu zuwa shida.

"Ba yadda za a yi a hanzarta? Akwai mai jira."

"Kowa yana da mai jira, Mista Bilyk. Miƙo hannun dama."

Daga can ya wuce gidan renon ya faɗa wa Malama Maricel komai a tsaye, hularsa a hannu. Ta saurare shi har ƙarshe.

"Abin da ya faru da daɗewa, kwamitin gidan renon zan kai wa in takardar ta zo," ta ce. "Abin da ya fi ɓata min rai, mako uku kana duban idona kana cewa suna kan aiki."

"Na sani, Malama."

"To. Je ka wanke hannu, lokacin cin tuffa ya yi."

Haka Disamba ta shigo. Wasu iyaye biyu ko uku suka kawo 'ya'yansu gidan Irma ran Lahadi. Yaran suka tsaya a bakin gado a takure, suna kallon robar da ke hancinta, ɗaya ya fashe da kuka. Da suka tafi ta ce wa Orest, "Ɗaya-ɗaya ba su ba ne. A igiya nake son ganinsu, suna faɗa a kan wa ya taka wa."

Shi kuwa kullum yana gidan renon, har ranakun da ba a neme shi ba. Ya koyi zama a kujerar da ba ta kai gwiwarsa ba. Ya koyi sa hannu a baya yana kallon yaro yana fama da zif, duk da hannun na yi masa ƙaiƙayi. Akwai wani Kody da ba ya magana da kowa, kullum yana ƙarƙashin tebur, in an jawo shi ya yi cizo. Orest bai jawo shi ba. Ya dai zauna a ƙasa kusa da teburin yana gyaran tayar wata motar wasa, kwana uku a jere. A rana ta huɗu wani ɗan hannu ya fito daga ƙarƙashin tebur ya miƙo masa sukudireba. Orest ya karɓa ya ce na gode, kamar yadda zai ce wa abokin aiki, amma sai da ya shiga banɗaki ya wanke fuska.

Da yamma yakan kai wa Irma rahoto, ita kuma ta gyara masa.

"Kody ya ce min 'taya.'"

"Kada ka yi masa tafi, zai koma. Ka ce masa e, taya ce."

"Jasleen ta ce kaina kamar ƙwai."

"Yarinyar ba ta ƙarya."

Yana son yaran nan. Bai san ranar da abin ya fara ba, sai dai ya tarar da kansa a shago yana duba safar hannu ƙanana, don kullum sai wani ya yar da ɗaya. Son ya zo masa da tsoro, domin yanzu in kwamiti ya ce a'a, ba Irma kaɗai ce za ta rasa ba.

Bayan Kirsimeti ta daina cin abinci, sai ruwa a cokali. Nas tana zuwa kullum. Rahoton nasa ya koma shi kaɗai ke magana, ita tana lumshe da ido, can ta ce, "Alhamis nawa?" Ya faɗa mata. Kowace safiya yana tsaye a bakin akwatin wasiƙa kafin mai rabawa ya iso.

Takardar ta zo a mako na biyu na Janairu. Kwamiti ya zauna ran Lahadi bayan an tashi daga coci. Litinin Malama Maricel ta ciro igiyar daga ƙusa ta miƙa masa.

"Sun yarda. Sharaɗi ɗaya, ba za ka taɓa ɗaukar yaro a mota ba."

"Ko sun roƙe ni ba zan ɗauka ba."

"Alhamis, ƙarfe goma. Ka koyi ƙirga kai, goma sha huɗu ne a fita, goma sha huɗu a dawowa."

Orest, tsoho mai shekara sittin da takwas, ya yi Layin Birch da ɗan gudu, har wata mata ta leƙo ta taga ta ga ko gobara ce. Ya sunkuya a kunnen Irma ya faɗa mata. Ta buɗe ido.

"Alhamis," ta ce. Muryar sai ka kasa kunne. "Connie, ki taje min kai ranar. Kada su gan ni kamar tsintsiya." Ta ɗan huta. "Kai kuma ka tuna, na bayan igiya shi ne mai ganin kowa. Kada ka kalli tagata, su za ka kalla."

Ran Laraba da la'asar yana share dusar ƙanƙarar da ke gaban gidanta. Ya faɗaɗa wurin sosai, yadda yara goma sha huɗu za su jeru ba wanda ya sauka titi, yana barbaɗa yashi inda ke da santsi. Ƙofa ta buɗe. Connie ta fito ba riga mai nauyi, da safa kawai a ƙafarta, ta tsaya a kan matakala ta rungume hannu.

"Mista Bilyk," ta ce. "Ka bar sharar."

Ya tsaya da shebur a hannu.

"Yanzun nan ta cika. Ina riƙe da hannunta. Ba ta sha wahala ba."

Ya ce mata ta koma ciki za ta yi mura. Abin da ya iya faɗa ke nan. Da ta shiga sai ya ƙarasa sharar har bakin shinge, don bai san me zai yi da hannunsa ba. A ransa lissafi ɗaya ne ke ta juyawa, kuma ba mai wuya ba ne. Kwana ɗaya ta rasa. Shi kuwa kwana ashirin da ɗaya ya ɓata da takardar a aljihu.

Alhamis da safe Malama Maricel ta tara yaran a kan darduma ta faɗa musu, bayan ta yi waya da iyayensu. Ta ce Kaka Irma ta mutu, jikinta ya daina aiki, ba za ta dawo ba. Wani ya tambaya ko tana jin sanyi. Wata ta ce kifinta ma ya mutu. Sannan Malama ta ja Orest gefe.

"Za mu iya fasawa. Ko mu bi ta bayan coci."

"Mun ce mata ƙarfe goma," in ji shi.

Aka yi ta fama da takalma da huluna. Dusar ƙanƙara 'yar kaɗan ta sauka da asuba, iska ba ta da ƙarfi. Malama Maricel ta kama gaba, yara suka kama madaukai, Orest ya naɗa wutsiyar a hannunsa. Daga baya ya ga abin da bai taɓa gani ba: wanda ke jan ƙafa, wadda hularta ta rufe mata ido, wanda ke shirin sakin igiya ya ɗebi ƙanƙara ya ci. Tun kafin su kai tsakiyar layi faɗa ya tashi a kan wa ya taka wa.

A gaban gidan Malama ta tsaya, layin ya tsaya. Labule a buɗe yake. Ana hango gadon, an cire zanin, an jingina matashi a tsaye. Connie tana bakin taga da mataji a hannu.

Yaran suka juyo suna kallon tagar. Jasleen, wadda ke riƙe da madauki na ƙarshe, ta ɗaga kai.

"Mista Orest, ba ta nan."

"Ba ta nan."

"Me ya sa ba mu zo da wuri ba?"

Malama Maricel ta buɗe baki za ta amsa. Amsoshi suna nan birjik, ga sanyi, ga doka, ga aikin gwamnati, kuma ba wanda zai ƙaryata shi. Orest ya durƙusa a kan ƙanƙara har fuskarsa ta zo daidai da ta yarinyar, bai saki igiyar ba.

"Laifina ne. Akwai takardar da ya kamata in kai tun tuni, na ɓoye ta a aljihu."

"Don me?"

"Tsoro na ji."

Jasleen ta yi nazarin maganar, hancinta na zuba.

"Ni ma ina tsoron injin shara," ta ce. "Ta yi fushi?"

"Ta yi. Amma ta jira ku har jiya."

Yarinyar ta juya ta ɗaga hannu tana yi wa tagar bai-bai. Na kusa da ita ya ɗaga, sai sauran, hannu ɗaya a igiya ɗaya a sama, har Kody. Connie ta dafa gilashin da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Orest bai kalli tagar ba. Ya ƙirga kawuna ta cikin hawaye, ya sake ƙirgawa don bai yarda da na farko ba, sannan ya ce wa Malama su tafi.

Sun je ɗakin karatu, an karanta musu labarin wata agwagwa, an dawo da su, an cire takalma. Da azahar ya taho gida shi kaɗai. Rana ta fito amma ba ta narkar da komai ba. A gaban gidan Irma ya rage tafiya. Sawun yaran yana nan a kan sabuwar dusar, ƙanana, a hargitse tun daga coci, wani kan wani. Sai a daidai wurin da ya share suka jeru, kowane ɗan takalmi ya juya kansa wajen taga, ga kuma ramuka biyu a ƙarshe inda gwiwoyinsa suka sauka.

Ya sauka titi ya zagaye, don kada ya taka.